Ranar da na ɗauki murfin inji kamar ƙofa

Shekarun baya, lokacin gwiwata tana yarda in hau tsani, sana'ata fentin ƙofofi da tagogi ce a Dutsin-Ma. A wajen wanda ya koya mani aikin doka ɗaya ce ba a takawa: ba a barin bayan ƙofa ba fenti. Ko bango zai rufe shi har abada, sai an shafa. Wanda ya bari, ha'inci ya yi.

Ina da aboki mai tsohuwar akori-kura, da ita yake kwaso tumatir daga bakin Zobe ya kai kasuwanni. Wata rana ya buɗe gaban motar yana duba ruwa, na leƙa na ga murfin saman injin duk tsatsa da maiƙo.

Na ce, "Alhaji, wannan inji ne ko gindin tukunyar mai ƙosai?"

Ya ce, "Kai da ke da buroshi, mi ya hana ka?"

Ban taɓa kwance komai a jikin mota ba, amma ban faɗa ba. Shi ya kwance notocin, ya ɗaga murfin a hankali don kada robar bakinsa ta yage, ya rufe injin da buhu, ya miƙo mani. Na wanke shi da fetur, na goge tsatsar da samfefa, na zuba masa koren fenti har hannu biyu. Da na juya shi na ga cikinsa fayau, zuciyata ba ta kwanta ba. Na shafe cikin ma. Da ya bushe ni na ɗora shi da kaina don in burge, abokina ya zo ya ɗaure kawai. Kwana da kwanaki duk wanda ya zo wucewa sai mun buɗe masa gaban mota ya gani.

Bayan kamar mako uku, yana dawowa daga Kurfi, jar fitilar mai ta kama a kusa da Tamawa. Allah ya taimake shi ya kashe motar nan take. Aka jawo ta gareji, ni ma na je jaje. Bakanike ya kwance kaskon ƙasan injin, ya nuna mana rariyar da ke tsotso baƙin mai, ta toshe da wata dauɗa kamar ɓawon wake. Ya ce, "Man da kuka zuba gauraye ne. Inji dai ya tsira da ƙyar."

Abokina a wajen wani dattijo yake sayen mai a tashar Kurfi, shekara da shekaru. Ya ce ranar kasuwa zai je ya tona masa asiri gaban direbobi. A tasha kuwa, in aka ce manka gauraye ne, ka gama sayarwa.

Suna magana na tsinci ɓawon nan guda, na murza da yatsa. Baƙin ya goge, kore ya fito: fentina ne, zafin inji ya ɓare shi. Na goge hannuna a jikin wando, na ce, "Allah ya kyauta."

Wannan shi ne laifina na gaskiya. Fentin rashin sani ne, shirun kuwa da sanina na yi. Kwana biyu ina cin tuwo ba na jin ɗanɗanonsa. Matata ta tambaye ni, na ce ciwon kai ne.

Ranar kasuwa abokina ya zo da babur ya ce in raka shi in zama shaida, tunda na ga dauɗar da idona. Na hau. Muna tafe yana ta shirya maganganun da zai faɗa wa dattijon. Sai da na hango rumfunan tasha na dafa kafaɗarsa na ce ya tsaya.

"Fitsari?"

"A'a. Cikin murfin nan, shi ma na yi mashi fenti."

Ya kashe babur. Can ya ce, "Cikin? Wa zai shiga ciki ya gani, baƙin mai?"

Na ce, "Mu ba mu barin baya."

Ya ce, "To Malam, ƙofa ta faɗa maka tana tafasa?" Ya yi dariya kaɗan, sai kuma ya daina. "Da ka bar ni na isa can fa?"

Muka ƙarasa tashar duk da haka, ya gaida dattijon, ya sayi galan guda na mai. Washegari na zauna a gareji na kankare cikin murfin har ya koma ƙarfe tsantsa, bakanike yana kirana mai ƙofa.

Yanzu idan na tuna fentin dariya nake yi, abokina ma har yau yana ba jikokinsa labari. Kwana biyun nan ne ba na yi wa dariya. Na gane abin da ya zama gaskiya a sana'ata yana iya zama ɓarna a ta wani, kuma tambaya ɗaya da ta wadatar. Dattijon nan kuwa, duk sanda na shiga Kurfi sai na tsaya na durƙusa na gaishe shi, ni da ko keke ban da shi balle in sayi mai. Yakan amsa yana kallona da mamaki. Har Allah ya karɓi ransa bai san dalili ba.