Baba Barau da Dangin Rai-ɗore

Baba Barau manomi ne, haifaffen wata unguwar Maguzawa kusa da Damari. Noma ke ci da gidansa, amma an fi saninsa da magani. Wajen kakarsa Asibi ya koyi saiwa da sassaƙe, kuma bai taɓa kafa rumfa a kasuwa ba. Mai ciwon ciki ko zazzaɓi gida yake iske shi.

Shekarar da 'yan bindiga suka hana shiga daji, unguwar ta watse. Kowa ya kwashi hatsi da awaki. Shi kuwa ya ƙara da buhun iri da 'yan dashe, matarsa na ta faɗa wai ya bar turmi ya ɗauko ciyawa. A bayan gidan da suka samu a Sabuwa ya shuka filasko, rai-ɗore, tafasa da runhu. Runhun ne ya wahalar da shi, ya bushe ya sake dasawa, kafin ya kama ƙasa.

Ɗiyarsa Alheri tana karatun tsirrai a Zariya. Da lokacin bincikenta ya yi, daji ba ya shiguwa, sai ta taho gida ƙarshen damina, ta tarar bayan gidansu ya yi rawaya da fure.

Ta ce, "Baba, ka san waɗannan duk 'yan gida ɗaya ne? Masana na kiran gidan nasu Senna. Dā tare da marga ake lissafa su, daga baya aka raba."

"Tafasar da muke kwaɗo, ita da runhu, itace sukutum?" Ya tsinko furen kowanne ya jera a tafin hannu, ya daɗe yana duba. "Lallai kuwa, ga kamar nan a hure. Ni ganye da saiwa nike kallo tun ina yaro."

Ta ɗebi ganye da 'ya'ya ta koma Zariya don gwaji. Da ta dawo, ba duka labarin ke da daɗi ba. Filasko dai yana sakin ciki kamar yadda ya sani, amma 'ya'yan rai-ɗore na iya cutar da hanta, musamman ta yara. Baba Barau ya ce, "Gara da aka gano." Ranar kasuwa da bakinsa ya bi mata yana faɗa musu su hana yara tauna su.

Alheri ta kai shi Zariya sau ɗaya. A ɗakin ajiyar tsirrai aka buɗe masa reshen runhunsa, an busar an manna a takarda. Ta karanta masa abin da ke ƙasa: wanda ya shuka, Barau, Sabuwa. Ya sa ta maimaita.

Yanzu har daga Faskari da Ketare ana zuwa neman dashe. Duk wanda ya ba, sai ya tsayar da shi ya koya masa sunan gidan tsirran, Senna, tukuna.