Ranar da Na Hana Kwamfuta Share Rumbunta

Na yi aikin kwamfuta a Jidda, na yi a Indiya da Jamus, amma ranar da ba za ta taɓa fita raina ba a Ƙanƙara ta same ni, bayan na yi ritaya.

Ɗiyar ƙanena ce ta buɗe cibiyar rubuta jarrabawa da kwamfuta. Babbar na'urar da ke riƙe da sauran tana da aibu ɗaya: in wuta ta ɗauke aka tada janareta, sai ta shafe minti shida kafin ta farka. Ga masu duba cibiyoyi za su zo ranar Laraba, in suka ga haka kuwa babu lasisi.

"Baba, duk yawon duniyar nan naka, a ce wannan ta gagare ka?" in ji ta.

Na duba. Ashe kanel ce, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da na'ura, take bin memori, ma'ajiyar bayananta, shafi-shafi tana sharewa kafin ta bar kowa ya taɓa. Da Bajamushe ne, sai ya karance littafi tukuna. Da Ba'indiye ne, ya kira abokan aiki. Ni kuwa girman kai ya ce in cire sharar gaba ɗaya. Nan take na'urar ta tashi, har da tafi aka yi mini.

Ranar Talata muka yi gwaji da ɗalibai. Can sai wata daga Sheme ta ɗaga hannu: "Malam, wannan ai ba sunana ba ne." Guntun bayanan wani ne da ba a share ba ya faɗo gabanta. Daga nan na'urar ta sandare, ni ma haka.

Maigadin wurin, wani dattijo manomi daga Ruwan Godiya, ya tambayi abin da ya faru. Na kwatanta masa da rumbu.

"Haba Alhaji, wa ke zuba sabon hatsi ba a share rumbu ba? Ma'aikata nawa gare ta?"

"Kawunan sarrafa aiki sha shida, amma ɗaya ke shara lokacin tashi."

"Sauran suna shan inuwa ke nan? Ka kira gayya mana!"

Na mayar da sharar. Na sa kanel ta share ɗan abin da take buƙata don tashi, ragowar a raba wa kawunan su yi tare. Ranar Laraba mai dubawa ya sa aka kashe wuta, ya zuba wa agogo ido. Bai kai ga gyara zama ba allo ya haska. Ya sa hannu a takardar lasisi.

Tun ranar, in aiki ya yi mini nauyi, ba na tambayar abin da zan tsallake. Waɗanda ke zaune nake nema.