Daga Ina Ya Faɗo?

Bana shekara goma sha biyu ke nan da muka kai Kawu Ɗanlami makwancinsa. Wan mahaifiyata ne, maɗori a Kusfa, mutumin da in ya kama hannunka don gaisuwa sai ka ji kamar yana duba ko ƙasusuwanka sun cika. Ni kaɗai sau biyu ya yi mini ɗori, ko da yake in na ce sau ashirin 'yan unguwarmu ba za su musa ba, don babu katangar da ba ta san bayana ba a cikin birnin Zariya.

Kawu yana da wata al'ada. Duk yaron da aka kawo masa, kafin ya taɓa shi sai ya tambayi daga ina ya faɗo. In aka ce daga mangwaro ne ko wurin ƙwallo, sai ya yi murmushi ya jawo karansa, ya ce wannan ƙashin da kansa zai warke. Amma in aka ce tuntuɓe kawai ya yi a tsakar gida, to uban yaro ya shiga uku. Me yake ci? Yaushe rabonsa da nono? Hantsi yana ganinsa kuwa? Na sha ganin Alhazai masu babbar riga suna sunkuyar da kai a zauren nan. Wanda ƙashi ya huda fata kuwa, ko wanda ƙafarsa ta fara gwamewa, asibiti yake tura su, ba ya jayayya da abin da ya fi ƙarfinsa.

Watanni huɗu da suka wuce 'yata Hafsatu, mai shekara tara, ta yi tuntuɓe da dokin ƙofar ɗaki, tsintsiyar hannunta ta karye. Tsayin wurin bai kai tafin hannu ba. A asibiti likitar, wata yarinya da a shekaru na haife ta, ta yi mini tambayar Kawu, sai na gyara hula na fara yabon kaina. Na ce a mota ake kai ta makaranta, a mota ake dawo da ita, daga nan lesin, daga nan Islamiyya, sai talabijin. Ko ƙuda sai ya nemi izinina kafin ya sauka a kanta. Uwarta ba ta barin ta a rana kada ta yi duhu, ni kuma ba na barin ta waje kada ta ji ciwo. Abinci kuwa, abin da take so: taliyar leda da lemon kwalba.

Likitar ta bar ni na gama tsaf. Ta yi bayani cewa a shekarun nan, kafin balaga, yaro yake gina ƙashin da zai ɗauke shi har tsufa, kuma da madara da rana da tsalle-tsalle ake gina shi. Jikin Hafsatu yana ta ƙaruwa, ƙashin an bar shi a baya. Sannan ta ce, "Alhaji, kun tsare ta daga komai, har da abin da ƙashinta yake nema."

Da Kawu yana nan, na san ba zai zagi zamani ba, ba halinsa ba ne. Zai dai yi mamakin yadda muka samu siminti muka rufe tsakar gida da rufi, muka samu firji muka daina kiran mai nono.

Ranar da aka cire mata filasta na buɗe ƙofar gida na ce ta je ta yi wasa. Ta tsaya tana kallona, ta ce, "Baba, wane wasa?" Dole ni da tumbina na zana 'yar gala-gala a ƙasa na yi tsalle ɗaya, wanda har yau maƙwabta suna cewa an ji shi har Wusasa.

Cikin 'ya'yan Kawu babu wanda ya gaji ɗori, zauren ma ya zama shagon cajin waya. Abin da ya bar mini ya fi ɗori wuya: in bar ɗa ya faɗi. Jiya Hafsatu ta shigo da ƙujewa a gwiwa, kofin kindirmo a hannu. Faɗa ya zo mini har maƙogwaro. Na haɗiye shi, na wanke mata ciwon, ta koma waje da gudu.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sa hannun da ya haɗa ƙasusuwanmu ya karɓi littafinsa ta dama.