Majanyin Otal

Shekarar da na haifi ɗana na fari, fasfona ya daɗe a ofishin makarantar da ta kai mu ƙasar waje. Sun karɓa za su sabunta mini izinin zama, aka shiga yau da gobe, sai fotokwafi nake yawo da ita. A unguwarmu ta Setapak kuwa kowa yana da labarin wanda aka tare babu fasfo, aka wuce da shi, sai bayan makonni aka ji ɗuriyarsa. Ni ga jariri yana shan nono, ko bulunboti ba ya karɓa. Ko burodi zan saya a ƙasan gidanmu, sai na leƙa ta taga tukuna.

Sai ga gwaggona ta zo daga Kano ganin likitan gwiwa, ta sauka a wani otal a unguwar Bukit Bintang. Ƙanwar uba guda, ai ba a gaishe ta ta waya. Na goya yaro, na yi addu'a, na fita.

Muna cikin hira yaron ya yi aika-aika, ya ɓata majanyin kaca-kaca. Gwaggo, wadda ba ta taɓa ganin matsalar da ta fi ƙarfinta ba, ta ɗingisa banɗaki ta fito da farin tawul mai kauri.

"Ungo, 'yar nan, goya shi da wannan. Jibi in kin dawo kya kawo musu abinsu."

"Gwaggo, na otal ne fa."

"To cinyewa za ki yi? Aro ne."

A gida haka ake yi, a ara miki majanyi ki wanke ki mayar. Na ɗaure ɗana tam, na yafa mayafi a kai.

Na yi kuskuren lif, ya sauke ni a bayan otal, inda ake fitar da kayan wanki. Ina ratsa ƙofar wani abu ya ɗauki ƙara, jar fitila tana ƙyaftawa a saman kaina. Mai gadi ya miƙe ya tare hanya.

A lokacin ban san komai ba. Daga baya na ji cewa kowane tawul da zanin gado na wurin an ɗinke masa wani ɗan abu a cikin kalmasa, bai fi ƙwayar wake ba, ko batir babu. Ƙofar ce ke aika masa sigina, shi kuma ya amsa da lambarsa. Da haka suke sanin abin da ya fita wanki da abin da ya dawo, ba sai an ƙirga da hannu ba.

Wata ma'aikaciya ta zo da na'ura a hannu, mai kama da dutsen guga. Ta goga a jakata, shiru. Ta zagaya bayana, ta kai ta daidai kan ɗana, abin ya hau kuka. Wallahi na zaci yaron suke nufi.

"Fasfo, madam," in ji mai gadin.

Na miƙa masa fotokwafin. Ya duba gaba, ya duba baya, ya kai hannu kan oba-obarsa. Tsoro irin wannan ban taɓa jin sa ba. Ba kulle nake tunani ba, tunanina wa zai ba yaron nan nono yau. Mijina yana can makaranta, bai ma san na fito ba. Sai na ji gaban rigata ya jiƙe sharkaf da ruwan nono.

Matar ta ɗaga gefen mayafina, ta kama bakin tawul ɗin ta murza.

"Tawul ne kawai," ta ce.

Ta nuna masa fuskar na'urar, ni ma na gani: lambar tawul, hawan benen da aka kai shi, ranar da aka wanke shi. Tawul yana da cikakkun takardu, ni mai goyo da shi ba ni da su. Ta yi masa magana da harshensu, ya sauke hannu daga oba-oba.

"Ba a fita da shi, madam. Kwance," ta ce da ni.

Na kwance ɗana a tsakanin kekunan wanki. Na so in goya shi da mayafi, ya ƙi ƙulluwa, sai na rungume shi a ƙirji. Mai gadin ya miƙo mini takardata.

"Wannan takardar ba ta da amfani," ya ce. "Wani ba zai bar ki ki wuce ba."

Jibi ta yi, na shirya, na goya yaro da majanyina, na kai bakin ƙofa, ƙafata ta ƙi fita. Haka washegari. Gwaggo ta yi ta kira ina cewa zazzaɓi ne, don in ta ji gaskiya, sai ta ɗingisa har wajen manajan otal ta yi masa tas, ni kuma sunana ya shiga bakinsu.

Ta koma Kano ban yi mata sallama ba. Har yau tana gaya wa dangi cewa ta zo garin da nake, da ciwon ƙafarta, sau ɗaya tak na leƙa ta.