Telan Hotunan Safana da Iyakar Gonar Fanta

Duk wanda ya saba fitowa da sassafe a Safana ya san ƙarar babur ɗin Malam Abdulgaffar. Tsohon babur ne, sai ya yi tari sau uku kafin ya yarda ya tashi. Da an idar da sallar asuba gari ya fara haske, Malam zai ɗaure sandar kyamararsa mai ƙafa uku a baya da igiyar roba, ya rataya jaka, ya ɗaga kai ya dubi sama. Idan ranar makaranta ce, aji zai nufa ya koyar da labarin ƙasa. Idan kuwa Asabar ce ko Lahadi, musamman in an kwana da ruwa iska ta wanke sararin, to kada ka neme shi a gida. Yana can kan wani dutse tsakanin Safana da Runka, ko ya tsallaka ƙasar Batsari.

A wannan watan ya ajiye alli, bayan shekara talatin da biyar. An yi masa taron ban kwana, an sha lemo, an yi jawabai a kan haƙurinsa da ɗalibai, kuma duk gaskiya aka faɗa. Sai dai na zauna har aka tashi ban ji wanda ya ambaci aikinsa na Asabar da Lahadi ba, abin kuma ya tsaya mini a rai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Aikin nasa ba irin na masu hoton biki ba ne, da za a ce maka gyara hula, a ɗauka, an gama. Shi sai ya hau tudu, ya kafa ƙafafun nan uku, ya yi ta daidaita su har ɗigon ruwan da ke jikin sandar ya tsaya a tsakiya cak. Ya tsayar da hasken kyamara wuri ɗaya don kada wani hoton ya fi wani duhu. Sannan ya fara: ya ɗauka, ya juya kaɗan, ya ɗauka, ya juya kaɗan, kowane hoto yana hawa kashi ɗaya cikin uku na wanda ya riga shi, kamar yadda ake jera ciyawar jinka. Ya gama layin sama, ya dawo na tsakiya, ya yi na ƙasa. Kafin ya sauko ya tara hoto tamanin ko ɗari. Kuma ba ya sauka sai ya ɗauko ƙusa da guduma ya sassaƙa alama uku a jikin dutsen, daidai inda ƙafafun suka tsaya, ya ɗiga musu jan fenti. An sha tambayarsa amfanin wannan wahala, sai ya ce wata rana zai so ya dawo.

A gida sai ya zuba hotunan cikin kwamfuta. Akwai manhajar da ke bin su ɗaya bayan ɗaya, tana neman reshen bishiya ko kusurwar katanga da ya fito a hotuna biyu, ta haɗa bakinsu ta ɗinke. Daga nan aka samo masa sunan Telan Hotuna, kuma bai taɓa jin haushi ba. Kwamfutar tsohuwa ce, takan wuni tana huci, har matarsa Sa'adatu takan ce da zai ba ta aronta da ta soya ƙwai a kai. Abin da ke fitowa a ƙarshe hoto ne guda, dogo, siriri. Daga nesa ba ka ganin komai sai gonaki da sama. Amma ka sa yatsa ka buɗa shi, sai ga ka kana ƙirga zabi a gindin wata tsamiya mai nisan tafiyar rabin awa.

Kada wani ya ɗauka abin wasa ne mutum ya tsaya kan dutse da kyamara a wannan ƙasa tamu. An san abin da ake kiran mai leƙen ƙauyuka, an kuma san abin da ake yi masa. Malam bai taɓa hawa dutsen wani gari ba sai ya je ya durƙusa gaban mai unguwa, ya nuna masa aikin baya, ya nemi izini. Daga sama ana hango tsakar gidajen mutane, don haka yakan sa a yi shela mata su sani, kuma ba ya karkata kyamararsa can. Bai taɓa sa ko ɗaya a intanet ba. Mutanen da suka fara kallonsa da gefen ido su ne daga baya suke aiko masa da nono.

Ɗinkin nan yana da lahani guda: ba ya son abin da ke motsi. Saniya ta ɗaga kai tsakanin hoto da hoto, sai ta fito da kai biyu. Mutum ya yi tafiya yana bin inda kyamara ke juyawa, sai ya bayyana sau biyu ko uku a hoto ɗaya. Ɗalibansa sukan yi ta dariya har da riƙe ciki. Abokan aikinsa sun sha ce masa ai manhajar tana da wurin gogewa, taɓawa ɗaya ne. Ya ƙi. Ya ce abin da kyamara ta gani shi ba shi da ikon cire shi, kuma asalin hotunan nan ɗari-ɗari duk yana ajiye da su, ko ɗaya bai zubar ba. A lokacin taurin kai muka kira abin, har da ni mai wannan rubutu.

To ga abin da taurin kan ya haifar.

Akwai wani ƙauye a ƙasar Ruma, Kukar Zinariya, a gindin wani dutse. Shekara bakwai da suka wuce Malam ya ɗauki gonakinsa a farkon damina. Bayan shekara biyu 'yan bindiga suka matsa wa ƙauyen lamba har mutane suka kwashe suka koma cikin garin Batsari. Shekara biyar suna can. Wasu sun dawo, wasu can aka binne su. Cikin waɗanda ba su dawo ba akwai Daudu, da maƙwabcinsa na gona, Mani. Matar Daudu, Fanta, ta dawo da 'ya'ya mata biyu da jikoki uku, babu namiji babba a gidan, shanun ma an kore su tun ranar farko. Abin da ya rage mata a duniya gonar nan ce.

Gonar kuwa ta zama daji. Layin gamba da ya raba ta da ta Mani wuta ta cinye shi, aduwar da ke bakin iyaka an sare ta har kututture an tone. A tsakani akwai wani kwari mai riƙe laima, wanda ko ruwa ya yi gardama dawarsa ba ta ƙin yi. Shi ne ke ciyar da gidan Daudu tun asali, in ji Fanta. Bashar ɗan Mani ya ce a'a, shi da ƙafarsa ya yi noma a kwarin nan yana yaro, na ubansa ne. Ba mugun mutum ba ne Bashar, kuma ba ƙarya yake yi da gangan ba. Ya yi noman, amma ranar gayya ce, ya manta. Mai unguwa Tayyib ya tara dattawan da suka rage, kowa ya nuna wuri daban. Hadari ya fara haɗuwa, lokacin shuka ya ƙarato, Bashar ya ce shi a shirye yake ya dafa Alƙur'ani. Fanta ta san in aka kai ga haka kwarin ya tafi, abincin gidanta na shekara ya tafi, zumuncin gida biyu ma ya tafi. Ta kwana biyu ba ta iya cin abinci.

Mai unguwa ne ya tuna da malamin nan mai ƙafa uku. Aka buga masa waya ranar Alhamis, Asabar da hantsi sai ga tarin babur a bakin ƙauye.

Aka shimfiɗa tabarma a inuwa, ya buɗe kwamfuta. Mutane suka ga garinsu yadda yake kafin a tashe su, kore shar, rumbuna a tsaye. Malam ya yi ta buɗa hoton yana matsowa, har ga layin gamba ya fito, ga aduwa, ga wani mutum da damin saiwar gamba a ka yana bin iyaka yana cike gurbi. Kowa ya gane Daudu da tafiyarsa ta karkata kafaɗa. Sai dai ga shi a bakin aduwa, ga shi kuma a gefen kwari, ga shi can a ƙarshen gona.

Bashar ya miƙe tsaye. "Malam, ka yi mani haƙuri, girmanka ne. Amma mutum guda wuri ukku? Wanga hoto haɗa shi aka yi. Wanda ya iya sa mutum wuri ukku ai ya iya sa gamba inda ya so."

Wasu suka gyaɗa kai, don maganar tana da kama da gaskiya. Da Malam ya bi shawararmu ya goge, da babu wanda zai tambaya, amma kuma da babu Daudu a hoton. Malam bai yi fushi ba. Ya ce wa Bashar yana da gaskiya, haɗa shi aka yi, ya zo ya ga ƙyallayen kafin ɗinki. Ya buɗe asalin hotunan ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacin da kyamara ta rubuta masa. Ƙarfe takwas da minti huɗu, Daudu a bakin aduwa. Da minti shida, a gefen kwari. Da minti tara, a ƙarshen gona. Mutum ne yake tafiyarsa, kyamara tana biye da shi ba tare da ɗayansu ya sani ba.

Bashar ya ce ya ji, amma hoto daban ƙasa daban. A nuna masa a ƙasa. Nan ne alamun ƙusa suka yi ranarsu. Malam, da shekarunsa da ciwon gwiwarsa, ya hau dutsen nan, ya share gansakuka da tafin hannu, sai ga ramuka uku da sauran jan fenti. Ya kafa sandar daidai inda ta tsaya shekara bakwai baya. Duwatsu ba su gusa ba, tsohuwar rijiya ba ta gusa ba. Ya daidaita abin da kyamara ke gani yau da tsohon hoto, ya ce a ba Bashar turaku uku da wayar hannu, shi da kansa zai kafa. Daga sama yana ce masa matsa gabas, ƙara taku biyu, dawo kaɗan, tsaya nan. Sau uku Bashar ya tsaya inda Daudu ya tsaya, sau uku ya buga turke. Da aka ja igiya, kwari ya faɗa ɓangaren Fanta gaba ɗaya.

Da suka sauko Malam ya kira Bashar gefe, ya ƙara buɗa hoton ta ɗaya ɓangaren gambar. Ga wani mutum a sunkuye yana noma, ya ba kwarin baya, da malafa mai yagaggen baki. Bashar ya daɗe yana kallo, don malafar ubansa Mani ce, shi ya yaga ta yana yaro. Ya tashi ya je ya durƙusa gaban Fanta. "Inna, ki yafe mani. Na kusa rantsuwa a kan abin da ba nawa ba." Ta ce ta yafe duniya da lahira. Ruwan shuka ya sauka bayan kwana biyar, kuma Bashar ne ya kawo shanun huɗa ya fara da kwarin kafin ya taɓa tasa gonar. A bana dawar kwarin nan ta fi tsawon mutum, na gani da idona.

Malam Abdulgaffar, kai ne ka hau duwatsun da mu 'yan ƙasa muke tsoron hawa, alhali aiki ne ya kawo ka cikinmu. Kai ne muka yi wa dariya saboda saniya mai kai biyu, ka bar mu muka gama dariyarmu. Telan da ba ya zubar da ƙyalle! Yau a akwatinka akwai ƙauyuka sama da arba'in na Batsari da Safana yadda suke kafin wuta ta bi ta kansu, kuma masu unguwanni uku sun riga sun aiko suna neman ranarka. Ka ajiye alli, amma ina tausaya wa babur ɗin nan, don hutunsa bai zo ba.

Mun gode. Allah Ya saka da alheri, Ya ƙara wa gwiwa ƙarfi da ido haske. Ku kuma matasan da kowannenku ke yawo da kyamara a aljihu yana ɗaukar fuskarsa safe da yamma, ƙofar Malam a buɗe take. Ku je ku koyi juyawa a hankali, da neman izini, da ajiye asali, da barin abin da aka gani yadda aka gan shi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda Malam ba ya mantawa da shi. Ranar da aka buga turakun, yana ɗaure kayansa a babur, Fanta ta matso ta tsaya nesa kaɗan. Ya ɗauka godiyar gona za ta sake yi. Sai ta tambaye shi ko ana iya wanke mata wancan wurin a takarda, kuma kada a rage komai.

"Shekara talatin muna tare, Malam, ban da hotonshi ko guda. Yau ga shi ka kawo mani ukku."

An wanke, tsawonsa ya kai kamu huɗu. Yana nan manne a bangon ɗakinta daga wannan kusurwa zuwa waccan, Daudu yana bin iyakarsa da dami a ka.