Babur ɗin Auta

A layin masu gyaran babur, Likita ake ce masa, don in kafireta ta fara ambaliyar mai wurinsa ake turo mutum. Ba ya gaggawa. Zai kwance ta a kan faranti, ya wanke da fetur, ya tsoma 'yar robar da ke yawo a kan mai cikin ruwa ko za ta yi kumfa, ya ɗaga allurar da ke tare mai ya duba bakinta a hasken rana. Kai, mutumin nan ko ƙwayar yashi ɗaya ce ta maƙale sai ya zaƙulo ta.

Amma babur ɗin ƙaninsa Auta ya gagare shi. Auta haya yake yi da shi har zazzaɓi ya ɗauke shi bara. Tun daga nan babur ɗin ke jingine a bakin ɗakin Inna, mahaifiyarsu, wadda idonta ya tafi. Ta hana a sayar. Kullum Likita ya dawo cin abincin rana sai ya tarar fetur ya kwanta a ƙarƙashinsa, daf da inda matarsa ke hura gawayi.

Ya sake allura. Ya sake roba. Ya kwaso kafiretar ya kai gareji, ya gwada ta a wani babur, ko ɗigo babu. Ya mayar, ya rufe makunnin mai da hannunsa. Washegari ga fetur, ga makunni a buɗe. Abokan aiki suka sa shi gaba da tsiya, wai Likita ya kasa warkar da na gida. Maƙwabciya kuwa cewa ta yi babur ɗin kuka yake yi. Ya yi dariya a gabanta, amma wallahi tsigar jikinsa ta tashi, har ya koma raɓawa ta gefen bango in zai wuce.

Matarsa ta tsare shi. "Maigida, ko babur ɗin nan ya fita, ko ni da yara mu fita. Ba zan zauna wuta ta cinye mu ba."

Gaskiyarta. To amma wa zai iya zuwa ya gaya wa Inna?

Ran nan ya durƙusa zai sake kwancewa, sai idonsa ya faɗa kan ƙaramin nocin da ke gindin kafireta, wanda ake sassautawa a tsiyaye mai in ruwa ya shiga. Bakinsa duk sabon karce ne. Ashe! Tiyon da man ambaliya ke fita ta cikinsa, shi man da aka tsiyaye ma ke bi. Shi yana can yana fama da allura, alhali hannun mutum ne ke buɗewa yana ɗaurewa.

Ya shiga ɗakin Inna. Wuƙarta ta yankan farce na bakin tabarma, ya ɗauka ya sansana, sai ga warin fetur.

"Inna, ke ce?"

Ba ta musa ba. "Ni nake riƙe masa gwangwani in yana tsiyayewa, na san wurin," in ji ta. "In warin ya tashi, sai in ji kamar yanzu ya shigo, yana can yana cire takalmi."

Zuciyarsa ta karye, kishi kuma ya ɗan soke shi. "Haba Inna, ai ni ma cikin fetur nake wuni."

"Kai wanka kake yi kafin ka zo gaishe ni. Shi kuwa da dattinsa yake faɗowa."

A ranar ya juye tankin tas, ya bar babur ɗin inda yake. Kashegari da ya dawo daga aiki bai nemi sabulu ba. Ya wuce ɗakinta da rigar gareji, ya zauna kusa da ita. Ta laluba ta kama hannun rigar, ta kai hanci, ta daɗe a haka.

"Auta," ta ce, "ka ci abinci kuwa?"

Likita ya dubi ƙofa, inda babur ɗin ke jingine.

"Na ci, Inna," ya ce.

Har yau da rigar aiki yake shiga gaishe ta, kuma har yau yana amsa sunan.