Ranar da Aka Jawo Mana Faiba a Gwadabawa

Sana'ata haɗa bidiyon biki. Masu ɗaukar hoto su ɗauko kamu da walima da kai amarya su kawo mini, ni kuma in zauna a ɗakina a unguwar Gwadabawa da ke Jimeta in yanka, in jera, in sa sauti, in tura wa masu shi. Yankan bai taɓa ba ni wahala ba. Turawar ce take cin raina. 'Yar na'urar intanet ɗin da nake da ita a da, mai kama da sabulun wanka, sai na rataye ta a taga take kama sabis. In ɗora bidiyo tun da hantsi, har la'asar bai kai rabi ba, sannan ya yanke in koma farko. Masu ba ni aiki daga nesa suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya.

Da wani kamfani ya fara ja wa unguwarmu wayar intanet mai sauri da ake kira faiba, sai na je ofishinsu. Yarinyar da ke kan tebur ta ce, "Adda, ki ɗauki na gigabit ɗaya kawai. Kafin ki sha ruwa ki ajiye kofi, bidiyonki ya tafi." Ban yarda da ita duka ba, amma na yi rajista.

Da na dawo na sami Baba a zaure. Mahaifina malamin Alƙur'ani ne, manyan mutane ke zuwa ɗaukar karatu wurinsa, yawanci 'yan kasuwa, in sun rufe shago. Na durƙusa na yi masa bayani. Ya ce, "Wayar za ta shigo har cikin gida?"

Na ce, "Har ɗakina, Baba."

"To, za su san inda muke ke nan."

Na yi 'yar dariya na ce kamfani ne kawai. Shi bai yi dariya ba. Ya ce, "Sana'arki ce. Allah Ya sa alheri."

Na san abin da ke ransa. Mu mutanen Borno ne. A garinmu, abin da masu bindiga suka fara yi shi ne ƙone dogayen ƙarafan sabis na bayan gari. Bayan nan waya ta zama abin da ake mutuwa a kansa. In suka tsare ka sai sun bincika aljihunka. Aminin Baba, wanda suka tashi tare tun suna yara, a kan wata lamba da aka gani a wayarsa aka kashe shi, wai ta soja ce. Tun daga ranar Baba bai ƙara riƙe waya da hannunsa ba. In 'yan'uwa suka kira, ni nake ƙara murya in ajiye ta a ƙasa, shi kuma ya sunkuya ya yi magana daga nesa.

Da muka gudo Jimeta ma tsoron bai bar mu ba, kamanni ya sauya. Shekarun da bama-bamai suka riƙa tashi a gari ne. Sau ɗaya ina kusa da kasuwa abin ya faru, kuma abin da ya fi tsaya mini a ido shi ne takalman mutane warwatse a titi, ba masu su. Duk lokacin da irin haka ta faru, washegari sai ka ji idanu a bayanka. Na daina yin Barbarci a cikin keke napep. Na koyi Hausar gari har da 'yan kalmomin Fillanci don kada harshena ya tona ni. Gidan da muke ciki ma ba a so a ba mu haya ba, sai da maƙwabciyarmu ta tsaya mana. Tsohuwar nas ce, Kirista daga kudancin jihar, duk layin Mama muke ce mata. Shekaru sun wuce, gari ya lafa, har na ɗauka an manta daga ina muka zo.

Masu haɗa wayar ranar Juma'a suka zo, rana ta riga ta ɗaga, cikin zafin nan na Yola da ke sa kwalta ta yi laushi. Su biyu ne, a keke napep, da tsani da ƙaton naɗin waya. Ba motar kamfani, ba riga mai tambari. Na tambaya, babban cikinsu ya ce motar tana gareji. Mutum ne mai fara'a, ya ce a Vinikilang yake zaune, sai da ya tsallako gada tun da safe. Ya gaida Baba da ladabi. Baba ya amsa, ya tashi ya shige ɗakinsa.

Suka raba aiki. Babban ya shigo ɗakina yana huda bango. Ɗayan, dogo marar yawan magana, ya ja wayar ya bi layi da ita zuwa falwayar da za a haɗo mu, wato dogon turken wayar lantarki. Falwayar nan a jikin katangar masallacin Juma'a take, a ƙarshen layinmu, daga ƙofar gidanmu ana hango ta. Ban kawo komai a raina ba. Ina tsaye ina riƙe wa babban cikinsu fanka mai caji saboda gumi, ina tambayarsa ko gaske ne abin da yarinyar ofis ta faɗa.

Sai muka ji ihu. Da farko murya ɗaya ce, sannan ta zama da yawa. A cikin hayaniyar na tsinci kalma guda, "Bam! Bam!" Fankar ta faɗi daga hannuna. Ban san lokacin da na tsuguna na rufe kaina da hannuwa ba. Jikina ya riga ni tunawa. Ina jiran ƙarar, ina jiran ƙasa ta girgiza, amma ba abin da ya tashi sai ƙarar ƙafafun masu gudu da kukan yara.

Na rarrafa zuwa ƙofar gida na leƙa ta kafar ƙyaure. Masu zuwa masallaci da wuri sun watse, dardumomi a zube. A saman falwayar ga wani baƙin akwati an ɗaure, wayoyi na reto a ƙasansa. Tsanin ya faɗi. Dogon mutumin nan yana ƙasa, samari sun rufe shi, ina ganin hannuwa na ɗagawa suna sauka.

Babban ya zo bayana, ya leƙa, ya ce, "Yesu!" Ya kai hannu zai buɗe ƙofa. Na riƙe rigarsa na ce, "In ka fita, kai ma kashe ka za su yi." Na tura shi ɗakina na sa sakata ta waje. Ina jin sa yana kiran ofishinsu, Hausa da Turancin kasuwa duk a cakuɗe, "Abeg, ku turo mutum, za su kashe shi!"

Da na koma ƙyauren sai na ga abin da ya fi komai tsorata ni. Wani ya ɗaga wayar daga ƙasa yana bin ta da hannu, wasu na biye da shi. Tana kawo su layinmu, gida bayan gida, har ƙofarmu, inda ta shige ta ƙarƙashin ƙyaure ta wuce ta tsakanin ƙafafuna. Na ji wani ya ce, "Gidan 'yan Borno ne!" Muryar na san ta. Mai gyaran janareta ne na bakin titi, wanda na haɗa wa bidiyon aurensa.

Suka fara dukan ƙyauren. Ina so in ce intanet ne, kalmar ta ƙi fitowa. Abin da ke zuwa mini kawai shi ne ko katangar baya za ta hauru, kuma yaya zan ɗaga Baba.

Muryar Mama ce ta ratsa su. Ta fito da ɗaurin ƙirji, hannunta duk kumfar wanki, ta tsaya ta jingina bayanta da ƙyaurenmu. "Wane ne zai taɓa wannan ƙofa? Kai, ba ni na karɓi haihuwanka ba? Yarinyan nan aikin bidiyo yake yi, kowa ya sani! Waya na intanet ne!" Suka ɗan ja baya, amma ba su tafi ba. Wani ya ce, "Mama, ki matsa. In intanet ne, me ya kai shi jikin masallaci ranar Juma'a?"

Sai na ji hannu a kafaɗata. Baba ne. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a da hula, sandarsa a hannu. Ya ce, "Buɗe."

Na ce, "Baba, don Allah."

"Buɗe, na ce."

Na zare sakata. Ya fita, bai kalli kowa ba, ya nufi masallaci. Na bi bayansa ba ko takalmi. Tafiyarsa ba ta tsaya ba. Mutane suka dare. Wasu daga cikinsu ɗalibansa ne, suna cewa, "Malam, kada ka je wurin!" Ya wuce har gindin falwayar, daidai ƙarƙashin akwatin, ya zauna a ƙasa kusa da mutumin da aka daka. Ya ɗora hannu a kansa. Sannan ya ɗaga murya, muryar da ban taɓa jin ya yi amfani da ita ba sai a karatu, ya ce, "Wayar gidana ce. In abin nan zai tashi, da ni zai fara. Ku kira Jauro."

Ba wanda ya matso, ba kuma wanda ya ƙara ɗaga hannu. Ni ina tsaye a rana, ƙasa na ƙona mini tafin ƙafa, idona a kan akwatin. Na san abin da ke ciki, ko in ce na ɗauka na sani. Amma a wannan tsayuwar sai shakka ta shige ni. Su waye mutanen nan? Na ga katin aikinsu? Ban gani ba. Keke ne ya sauke su, na buɗe musu ƙofa.

Jauro, mai unguwarmu, ya iso da 'yan sanda a bayansa. Aka fito da babban daga ɗakina, ya nuna katinsa da hannu biyu. Aka kori mutane nesa. Baba ya ƙi tashi. Aka miƙar da tsani, babban ya hau, ya buɗe akwatin a hankali ya karkato shi yadda kowa zai gani. Ba komai ciki sai wasu siraran zaruruwa masu launi, an naɗe su kamar zaren ɗinki. Wani daga baya ya yi dariya, irin dariyar da ba daɗi. Ana haka motar kamfanin, ko wata aka aro oho, ta iso da wani mai taye yana ta ba da haƙuri.

Mama ce ta wanke wa dogon fuskarsa a tsakar gidanta. Leɓensa ya fashe, haƙori ɗaya ya fita, hannunsa na hagu ba ya ɗaguwa. Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba. Tambaya ɗaya yake ta maimaitawa, wai ina takalminsa. Aka tafi da shi asibiti. Sallar Juma'a ranar an makara, kuma sahu bai cika ba.

Baba ya yi sallarsa ya dawo. Yana shiga gida ya durƙusa bakin rariya ya yi ta amai. Na kawo masa ruwa, na riƙe masa buta. Da ya samu ya zauna, na ce, "Baba, yaya aka yi ka tabbata ba komai a ciki?"

Ya goge bakinsa da gefen riga. Ya ce, "Ban tabbata ba. Ni ina na san irin waɗannan abubuwa? Na ɗauka ma yaudarar ki aka yi, aka biyo ta kanki."

"Amma ka je ka zauna."

"In bam ne, da ni da ke ba mu da sauran zama a garin nan ko ta yaya. In ba shi ba ne, to kada a kashe ɗan mutane a kan wayarmu." Ya miƙo mini butar. "Na gaji da gudu, 'yata. Ƙafafuna ba za su ƙara kai ni wani gari ba."

Kwana biyu ya yi a kwance da zazzaɓi.

A makon da ya biyo baya babban ya dawo ƙarasa aikin, wannan karon da mota mai tambari da riga mai ƙyalli, kuma sai da ya biya ta gidan Jauro. Ya ce abokin aikinsa yana samun sauƙi, amma shi dogon ya ce ba zai ƙara hawa falwaya ba, zai koma gona a Damare. Ya zauna a ƙasan ɗakina yana haɗa zaren nan mai kama da gashi a cikin wata 'yar na'ura. Sai da ya sake yankawa sau da yawa kafin ya kama. Ko kaɗan bai yi fara'ar ranar farko ba. Duk keken da ya tsaya a waje sai mu ɗaga kai tare.

Da koriyar fitila ta kama a jikin rautar, wato sabuwar na'urar intanet ɗin da ya sa mini, ya ce in gwada. Na ɗora wani bidiyo da ya sha ƙin tafiya. Layin da ke nuna tafiyarsa a allo ya cika fuu, ya tafi. Na zauna ina kallon allon kwamfuta, ina jiran in ji daɗi, ban ji komai ba.

Aiki ya dawo mini, har ya fi na da. Mutanen layi sun zo gaida Baba rukuni-rukuni, kowa na cewa shi ba ya wurin, labari ya ji. Mai gyaran janareta bai zo ba. In na hango shi a bakin titi yakan sunkuya ya hau kwance wani abu, ni kuma in tsallaka ɗaya gefen. Mama ta ce in bar shi, kunya ce ke cin sa. Wataƙila haka ne. Ni dai har yanzu ranar Juma'a ba na kunna waƙar biki da ƙarfi. Nakan rage sauti, in bar tagar da ke kallon layi a buɗe, ina aiki ina saurare har sai an sallame salla, mutane sun watse.